Yadda Celia Cruz Ta Haɗa Salsa da Gambarar Zamani: Tambayoyi da Amsoshi

A shekarar 2001 kamfanin Sony Discos ya saki faifan Celia Cruz mai suna La Negra Tiene Tumbao. Waƙar da faifan ya ci sunanta ta gauraya salsa, wato kiɗan rawa na Latin Amurka, da gangar kwamfuta da gambarar zamani, kuma a 2002 faifan ya lashe kyautar Latin Grammy ta faifan salsa mafi kyau. Ga amsoshin tambayoyin da masu sauraro da masu haɗa kiɗa kan yi game da irin wannan gauraye.

Wace ce ita, kuma su wa suka yi aikin faifan?

An haifi Celia Cruz a Havana, babban birnin Kyuba, a 1925. Ta shiga ƙungiyar makaɗa ta Sonora Matancera a 1950, ta bar ƙasarta a 1960 bayan juyin juya halin Fidel Castro, daga baya ta zauna a Amurka. Sunanta ya sake tashi a 1974 da faifan da suka yi tare da Johnny Pacheco, kuma a wannan shekarar ta yi waƙa a Kinshasa, a bikin da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ke nan lokacin da wannan faifai ya fito ta shafe fiye da shekara 50 tana sana'ar.

Sergio George ne ya haɗa kiɗan babbar waƙar, makaɗin fiyano ne haifaffen New York ɗan asalin Puerto Rico, kuma su biyu suka rubuta ta da Fernando Osorio. Mikey Perfecto ya yi gambarar. Amma kada a ɗauka duk faifan haka yake. Akasarinsa salsa ce da aka saba ji, da hannun tsofaffin gwanaye irin su Pacheco da Isidro Infante a ciki.

Me ke sa a ce kiɗa salsa ne tun farko?

Kilabe. Wani tsarin bugu biyar ne da ake yi da guntayen sanduna biyu, kuma kowane makaɗi a kansa yake tafiya, ko ana buga sandunan ko ba a buga su. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce a ƙirga daga 1 zuwa 16 da sauri, a riƙa tafawa a kan 1, 4, 7, 11 da 13. Takwas ɗin farko gaɓa ɗaya ce mai tafi uku, takwas na biyu gaɓa ce mai tafi biyu. Idan waƙa ta fara da gaɓar uku, makaɗa kan ce tana kan 3-2. Idan ta fara da ta biyu, tana kan 2-3.

Sauran kayan kiɗan kowa da gurbinsa a cikin kowace takwas. Mai gangar konga yana marin fata a kan 3, ya saki amo biyu a kan 7 da 8. Mai bas, wato kayan kiɗa mai tsirkiya da ke ba da sauti mai kauri, yana bugawa a kan 4 da 7, sai ya riƙe sautin ya tsallake 1 bai taɓa ta ba. Wannan tafiyar ta konga da bas ita ake kira tumba'o. Fiyano yana maimaita gajeren zagaye, mai timbal yana kaɗa gefen ƙarfen gangarsa, mai bongo yana ajiye ƙananan gangunansa ya ɗauki ƙararrawa idan waƙa ta yi zafi. A haɗa da 'yan busa, galibi kakaki biyu da turombon biyu, da 'yan amshi biyu ko uku, sai ka ga mutum 10 zuwa 14 a kan dandamali.

Salsa tana da sauri, gambara kuwa a hankali take tafiya. Ta yaya za su hau kan juna?

Lissafi ne ya taimaka. Salsar rawa tana yawan tafiya tsakanin bugu 180 zuwa 200 a minti ɗaya, idan aka bi ƙirgar masu rawa. Gambarar Amurka da regeton, wato kiɗan rawa mai gambara da harshen Sifaniyanci, kuma suna zama wajajen 90 zuwa 100. Rabi ke nan daidai. Idan aka saita kwamfuta a kan 95, makaɗan salsa za su ji kansu a kan 190, kuma ba wanda zai jira wani.

Akwai kuma dangantaka ta jini. Bugun da regeton ke hawa, wato dembo, wanda ya samo suna daga wata waƙar Shabba Ranks ɗan Jamaika ta 1990, yana sa babbar ganga a kan 1 da 5, ƙarama a kan 4 da 7. A duba da kyau: 4 da 7 su ne gurbin bas na salsa, su ne kuma tafi na biyu da na uku a gaɓar uku ta kilabe. Rabon takwas zuwa 3, 3, 2 ne a duka biyun, tsarin da ya ƙetara teku daga Afirka tare da bayin da aka kai tsibiran Karibiyan. Shi ya sa kunne ba ya ƙin haɗin.

To, ina matsalar take?

Wuri biyu. Na farko a gaɓar biyu ta kilabe. Dembo bai san da ita ba, gaɓar uku kawai yake maimaitawa. Kilabe na tafawa a kan 11, ƙaramar gangar dembo na sauka a kan 12, dab da juna. Idan aka ɗaga su biyun da ƙarfi ɗaya, sai a ji kamar makaɗi na tuntuɓe. Maganin da aka fi yi shi ne a zaɓi shugaba a kowane sashe na waƙa: inda gangar kwamfuta ke gaba, a cire sandunan kilabe a bar fiyano da 'yan busa su riƙe tsarinsa, inda salsa ta karɓa, a rage ƙaramar gangar ko a ɗauke ta.

Na biyu ya fi wuya, a ƙasa yake, wajen kauri. Daɗin salsa yana cikin wannan tsallake 1 da bas ke yi, shi ke sa jiki ya ji ana jan sa gaba. Babbar gangar kwamfuta kuwa kan 1 take dira da dukan nauyinta, daidai lokacin da bas ke riƙe da sautinsa, kuma dukansu suna zaune a ƙasa da hez 100 (hez ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba na nufin sauti mai kauri). Sakamakon sai ya zama dagwalo, musamman a manyan sifikun wajen biki. Injiniya zai gajarta wutsiyar gangar, ya sa na'urar da ke danne bas na ɗan ƙiftawar ido duk sanda gangar ta sauka, ko ya bar wa gangar wajajen hez 50 zuwa 60 ya ɗaga bas sama kaɗan. Abin da bai kamata a yi ba, kuma shi ragwaye ke yi, shi ne a mayar da bas ya riƙa bin gangar a kan 1 da 5. Sauti zai fita tas, amma tumba'o ya mutu.

A situdiyo da me ake farawa?

Da karin waƙar. Mai tsara kiɗa zai rera baitin farko yana tafa kilabe ta fuska biyu, ya ga wadda kalmomin suka zauna a kanta, ya rubuta 2-3 ko 3-2 a saman takardar kowane makaɗi. Sai a saita sauri a shimfiɗa gangar kwamfuta ta gwaji. Bayan nan masu konga, timbal, bongo, bas da fiyano su shiga, kuma ya fi kyau a ɗauke su tare don su riƙa jin juna. 'Yan busa su biyo baya, a kan ɗauke su sau biyu a ɗora don sautin ya cika. Sai 'yan amshi, sai uwar waƙa, sai mai gambara. Gangar kwamfuta ta gaskiya a ƙarshe ake gyara ta, a cire ta a inda ta tare wa wani hanya.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne jan kowane bugun konga a daidaita shi da layin kwamfuta ɗari bisa ɗari. Hannun ɗan Adam yana ɗan gabata ko ya ɗan jinkirta, kuma a wannan 'yar tazarar rawa take. In aka goge ta, an biya makaɗi kuɗi ne don ya yi abin da inji zai yi kyauta.

Ana cewa kilabe ya juye. Me ke jawo haka?

Yanka. Zagayen kilabe gaɓa biyu ne, don haka duk abin da za a cire ko a ƙara dole ya zama 2, 4, 8 ko 16. Wanda ya saba da gambara zai iya yanke gaɓa ɗaya ko uku don ya gajarta waƙa saboda rediyo, kuma a kiɗansa babu abin da zai lalace. A salsa kuwa daga wurin yankan har ƙarshe amshi zai koma kan gaɓar da ba tasa ba, ƙararrawa na cewa 2-3, fiyano na cewa 3-2. Gwanayen tsara kiɗa suna saka gaɓa ɗaya da gangan idan suna son waƙa ta koma ɗaya fuskar, amma a lokacin kowa ne ke juyawa tare, kilaben kansa bai tsaya ba.

Ina mai gambara ke shiga, kuma me ya rage wa mawaƙiyar?

Waƙar salsa kashi biyu ce. Akwai jiki, inda ake rera baitocin da aka rubuta. Akwai montuno, inda 'yan amshi ke maimaita layi ɗaya, mawaƙiya kuma tana cike tsakani da kalmomin da take ƙirƙira nan take, tana gugar zana, tana kirari, tana zolayar makaɗa. A tsakiyar montuno 'yan busa kan karɓa na gaɓa 8 ko 16. Nan ne gurbin da ya fi dacewa da gambara, ko kuma mahaɗar jiki da montuno, domin dama wuri ne da mawaƙi ke hutawa.

Celia Cruz ta ci riba a nan saboda abin da mai gambara ke taƙama da shi, wato sarrafa harshe a kan bugu, shi ne sana'arta tun kafin a haife shi. Muryarta mai kauri ce, tana fita da kaifi, kuma ba ta kauce wa kilabe. Mawaƙiyar da ba ta iya wannan fage ba, gambara na shigowa za ta zama baƙuwa a waƙarta. Na'urar gyaran murya ma ba ta ceto, don kari take daidaitawa, ba ta koya wa mutum inda zai ajiye kalma.

Ita ce ta fara wannan haɗi?

A'a. Sergio George ya riga ya gwada shi a faifan mawaƙiya La India na 1994, Dicen Que Soy, a kamfanin RMM na Ralph Mercado. Ita India daga waƙoƙin gidajen rawa na New York ta fito kafin Eddie Palmieri ya ja ta zuwa salsa a 1992. Sai ƙungiyar DLG da Sergio George ya kafa a tsakiyar shekarun 1990, mai haɗa salsa da rege da gambara. Bambancin na Celia Cruz shi ne matsayinta: sarauniyar salsa da kanta ta sa hannu, shekara uku kafin regeton ya game duniya a 2004. Ta sake yin irinsa tare da El General ɗan Panama a faifanta na ƙarshe, Regalo del Alma, wanda ya fito jim kaɗan bayan rasuwarta a watan Yulin 2003.

Masu ra'ayin riƙau na cewa wannan ba salsa ba ce. Suna da gaskiya?

A kan wasu faifan da suka biyo baya, suna da ita. Da yawa dembo ne kawai aka yayyafa masa busa. A kan wannan faifai kuwa hujjarsu ba ta da ƙarfi, ko don yawancin waƙoƙinsa ba su bar gida ba. Mai son ya yanke hukunci da kansa a kan kowace waƙa irin wannan zai iya gwada abu uku. Ya tafa kilabe daga farko zuwa ƙarshe ya ga ko amshi na zama a fuska ɗaya. Ya kasa kunne ga bas, ya ji ko yana tsallake 1 ko yana bin gangar kwamfuta. Sannan ya jira bayan gambara, ya ga ko an mayar wa mawaƙiya da 'yan amshinta fili ko kuwa baitin farko aka sake liƙawa aka rufe waƙar.