Sana'ar kamun ƙafa a majalisa da ofisoshin gwamnati

Kamun ƙafa a siyasa, wanda Turawa ke ce wa lobi, shi ne mutum ko ƙungiya ko kamfani su riƙa bin 'yan majalisa da ministoci da kwamishinoni da manyan ma'aikata suna neman a yi wata doka, ko a gyara ta, ko a jingine ta, ko kuma a saka musu wani aiki a cikin kasafin kuɗi. A ƙasashe irin su Amurka da Ingila sana'a ce mai zaman kanta da ake ɗaukar masu digiri ana biyansu albashi, manyan kamfanoni kuma sukan ware mata ofis guda su kira shi sashen hulɗa da gwamnati ko na harkokin jama'a. A Najeriya ma ana yin ta sosai, sai dai da wuya ka ji wani ya ce ita ce sana'arsa.

Asalin kalmar

Lobi a Turance sunan soro ne kawai, wato inda baƙo ke tsayawa kafin a shiga ciki. A majalisar Ingila har yau akwai wani babban soro da ɗan mazaɓa zai iya zuwa ya aika a kira masa wakilinsa. Akwai labarin da ake yawan bayarwa wai sunan ya samo asali ne daga otal ɗin Willard da ke Washinton, inda masu buƙata ke tare shugaba Grant, wanda ya yi mulki daga 1869 zuwa 1877, amma dai kalmar ta girme wa mulkinsa, labarin daɗin baki ne kawai. Mu kam a ƙasar Hausa ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya taɓa zaman soron hakimi ko zauren dagaci da sassafe yana jiran fitowa ya san abin, kuma wanda bai isa ya shiga ba ai ta hannun wani bafade yake bi, shi ne kamun ƙafar.

Yadda ake yi a ƙauye da yadda ƙwararre ke yi

A ɗauki misalin wani ƙauye a gefen kogin Haɗejiya, inda ciyawar kachala ta toshe hanyar ruwa, duk damina ambaliya ta cinye shinkafa. Sai a yi taro bayan sallar Juma'a, a haɗa kuɗin mota, a ɗauki shatar Sharon, mai gari da liman da shugaban manoma da malamin firamare guda ɗaya su sa manyan riguna su nufi Dutse gidan ɗan majalisarsu tun da asuba. Za su zauna a kan tabarma a ƙofar gida tare da 'yan jagaliya da masu neman kuɗin magani har wajen azahar, in ya fito mai gari ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ne ya ishe mu, shekara uku ke nan ba mu kai buhu gida ba." Shi kuma ya ce, "Baffa, in sha Allahu za a duba," ya sa yaronsa ya ba su na mai, a yi addu'a a shafa, shi ke nan.

To me ya hana abin tasiri? Sun zo a watan Fabrairu bayan gwamna ya riga ya sa wa kasafin hannu, ba su bar ko takarda ɗaya ba, sannan wani ɓangare na aikin ma ba na jiha ba ne, yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are wadda ta gwamnatin tarayya ce, ke nan ɗan majalisar tarayya da kwamitin albarkatun ruwa a Abuja ya kamata su ma a taɓa. Abin da ƙwararre ke sayarwa ke nan, sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa da kuma lokacin. Shi tun tsakiyar shekara, lokacin da ma'aikatu ke tsara abin da za su nema a baɗi, zai rubuta takarda shafi ɗaya ko biyu, ƙauyuka nawa ne, gonaki hekta nawa, aikin zai ci kusan nawa, ga hotuna, ga sa hannun dagatai, ya kai wa darakta a ma'aikata a buga masa hatimin karɓa a kan kwafin takardar, ya bai wa akawun kwamiti nasa, ya samu wani ɗan jarida ya faɗa a rediyo, bayan sati biyu kuma ya sake kira. Sanayya tana da rana, ba a musu, amma ɗan majalisa mutum ne da ɗaruruwa ke binsa kullum, wanda ya kawo masa abin da zai miƙe ya karanta a zaure ba tare da ya ji kunya ba shi yake tunawa.

Dole kuma ƙwararren ya san hanyar da ƙudiri ke bi, karatu na farko, na biyu inda ake muhawara, sai a miƙa wa kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, sai karatu na uku, a tarayya kuma sai majalisun biyu sun daidaita kafin a kai wa shugaban ƙasa, wanda yake da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa na iya tsallake shi. Yawancin aikin a matakin kwamiti ake gama shi, a nan ne kalma ɗaya ko lamba ɗaya ke canzawa ba a ji ba a gani. 

Wasu da suka yi nasara

Dokar rage shekarun tsayawa takara da shugaba Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018 aikin kamun ƙafa ce tsantsa, ƙungiyar YIAGA ta Samson Itodo da abokan tafiyarta suka bi majalisar ƙasa sannan suka bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya tunda gyaran tsarin mulki sai da amincewar jihohi 24, aka mayar da shekarun takarar majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Dokar 'yancin samun bayanai kuwa tun 1999 ake jan ta sai 2011 Jonathan ya sa hannu, wannan kaɗai ya isa nuna cewa mai gajen haƙuri ba zai iya sana'ar ba. A dokar man fetur ta 2021 an ga ƙarfi da ƙarfi, al'ummomin da ake haƙar mai a ƙasarsu suna neman a ware musu kashi 10 cikin ɗari, aka tsaya a kashi 3. Ƙungiyoyi irin su RIFAN ta manoman shinkafa da MAN ta masu masana'antu da Miyetti Allah da ASUU duk suna yi, kowa da salonsa.

Doka, da inda ake zamewa

Amurka ta fi kowa tsari a nan, tana da dokar 1938 kan masu yi wa ƙasashen waje aiki, da dokar 1995 da ta tilasta rajista da bayyana wanda ya ɗauke ka da nawa ya biya, aka ƙara tsaurara ta a 2007 bayan badaƙalar wani babban mai kamun ƙafa, Jack Abramoff, wanda ya amsa laifinsa a 2006. Sanatan da ya sauka sai ya jira shekara biyu kafin ya dawo yana kamun ƙafa a wajen tsoffin abokansa. Kuɗin da ake bayyanawa a Washinton ya haura dala biliyan 4 a shekara, Titin K na birnin, inda masu sana'ar suka yi kaurin suna da kafa ofisoshi, kuma ya zama laƙabin sana'ar gaba ɗaya. Ingila ta yi tata dokar rajista a 2014, Tarayyar Turai ta buɗe rajistarta a Burasels a 2011.

Najeriya fa? A 2016 sanata Dino Melaye ya kawo ƙudirin tsara harkar, ya tsallake karatu na biyu, amma bai zama doka ba. Shi ya sa da ka ce lobi a nan abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne jakar Gana-mas-go. Bambancin dai a fili yake, kamun ƙafa hujja ake kaiwa da matsin lambar masu ƙuri'a, cin hanci kuma kuɗi ne, kuma dokar ICPC ta 2000 ta kama mai bayarwa da mai karɓa. Mutanen Bagwai da Shanono ba sa buƙatar a tuna musu, tsohon wakilinsu Farouk Lawan kotu ta same shi da laifi a 2021 kan dala 500,000 da ya karɓa lokacin binciken tallafin mai na 2012. Matsalar sabon shiga ita ce abin ba ya zuwa da sunan cin hanci, sai dai a ce kuɗin mota ko goro ko na shan ruwa, kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ake bai wa ambulan ya kai.

Yadda mai digiri ke shiga

Babu wani digiri guda da aka ce sai da shi. An fi ganin waɗanda suka karanta kimiyyar siyasa, lauya, aikin jarida, tattalin arziki ko gudanar da mulki, amma wanda ya karanta noma a BUK ko Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zai iya fin su daraja in maganar taki ce ko noman rani, don ya san abin da hannunsa. Mai son ƙari akwai cibiyar NILDS ta majalisar ƙasa a Abuja da ke kwasa-kwasan gaba da digiri kan aikin majalisa, akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ta BUK, akwai kuma rajista da NIPR, ƙungiyar masu hulɗa da jama'a da aka kafa a 1963, wadda kamfanoni ke dubawa. Amma gaskiya satifiket ba ya koyar da rubuta takarda shafi ɗaya da za a karanta a cikin mota, wannan sai da yi.

Ƙofar da aka fi shiga ita ce zama mataimaki ga ɗan majalisa, wasu tun lokacin bautar ƙasa suke neman a tura su majalisar jiha, su koyi takardar jadawalin zama da rubuta ƙudiri su san akawuna. Ta biyu ƙungiyoyin farar hula, irin su CISLAC ta Auwal Musa Rafsanjani da PLAC a Abuja da CITAD a Kano, galibi da aikin sa kai ake farawa. Ta uku kamfanonin sadarwa da bankuna da na siminti da na mai, su ne masu albashi mai kauri amma ba sa ɗaukar ɗanye, sai wanda ya yi shekaru ya tara lambobin waya. 'Yan jaridar da suka daɗe suna ɗauko rahoto a majalisa ma sukan tsallaka.

Wahalarta ba kaɗan ba ce musamman ga ɗan ƙauye. Hayar Abuja sai dai ka raɓe a Mararaba ko Suleja kana bin motar asuba, aikin mataimaki yana mutuwa ranar da maigida ya faɗi zaɓe, mataimakan majalisar ƙasa sun sha zanga-zanga kan alawus ɗin da ba a biya su ba, ƙungiyoyi kuma da kuɗin tallafin waje suke numfashi, wanda aka ga yadda ya ƙafe a 2025 da Amurka ta rufe USAID, hukumarta ta ba ƙasashen waje tallafi. Mata suna shiga kuma suna iyawa, sai dai zaman dare a gidajen 'yan siyasa da yawan tafiya kan sa iyaye su noƙe, shi ya sa aka fi samunsu a ɓangaren ƙungiyoyi. Abin da ɗan karkara ya fi ɗan birni shi ne harshe biyu, zai durƙusa gaban hakimi ya yi magana yadda ta dace da safe, da yamma ya mayar da ita Turanci a takarda. Sai dai kuma daga ranar da aka ji yana shiga majalisa ya zama ɗanmu na Abuja, in ya zo sallah tun kafin ya cire takalmi za a cika zauren gidansu, wannan da takardun ɗansa a leda, wancan da maganar taransifoma, wata gwaggo da kujerar Makka, alhali shi kansa albashin wata biyu yake bi.