Shan mai na ƙaramar motar iyali

Shan mai na zahiri shi ne yawan esans ɗin da mota ke ƙonawa a hannun mai ita, saɓanin adadin da kamfani ya rubuta a takarda. A Nijar ana lissafa shi da lita a kowane kilomita 100. Motar da ake nufi a nan ita ce mai ƙofa huɗu da but a baya, mai injin lita 1.3 zuwa 1.8, irin su Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a 1966. Akasarin irinsu da ke yawo a Damagaram na hannu ne, an shigo da su ta tashoshin ruwa na Kwatano ko Lome.

Asalin adadin takarda

Adadin kamfani daga ɗakin gwaji yake fitowa, inda ake ɗora mota kan na'ura tana juya ƙafafunta ba tare da ta gusa ba. Tsohon gwajin Turai mai suna NEDC na ɗaukar kimanin minti 20 da kilomita 11, da sassauƙan gudu, na'urar sanyi a kashe. Kamfanoni sun ƙware wajen shirya mota domin wannan gwaji kaɗai, har tazarar da ke tsakanin takarda da hanya ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar shekarun 2010. Daga Satumban 2017 aka fara maye gurbinsa da sabon gwaji mai suna WLTP, mai minti 30 da kusan kilomita 23, a zafin digiri 23. Amurka ta gyara nata lissafin tun 2008, ta sa gudu mai yawa da sanyaya mota a ciki. Tsofaffin motocin Turai da ke nan galibi adadin NEDC suke ɗauke da shi, wanda ba a auna shi da zafin watan Afrilu na Damagaram ba, lokacin da ake haura digiri 40.

Motar Amurka kuwa da mil a galan ake rubuta nata. A raba 235 da wannan adadi, sai a sami lita a kilomita 100.

A kan hanya

Lafiyayyar mota irin wannan kan sha lita 6 zuwa 7 a doguwar tafiya kan kwalta, kamar hanyar Maraɗi, in an tsaya wajen gudun 90. Cikin gari, tsakanin Birni da Zango da kasuwar Dole, ta kan haura 9, domin gajeriyar tafiya ba ta barin inji ya ɗau zafin aikinsa, ga birki da tashi saboda ƴan kabu-kabu. Rairayi, lodi a kan rufi, da taya mai ƙarancin iska duk suna ƙara sha. Yawan iskar da taya ke buƙata galibi na rubuce a jikin ƙofar direba.

Mafi ɓarna shi ne gyaran ganganci. Makanikai da yawa kan cire tamostat, na'urar da ke daidaita zafin inji, da sunan maganin zafi, sai injin ya zauna da sanyi, kwamfutar motar ta yi ta ƙara mai. Haka in na'urar da ke shinshinar hayaƙi a salansa ta mutu. Alamarsa baƙin hayaƙi da buji mai kunkunniya. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe ta fi rage ƙarfin injin zamani, amma a mai kabireta shan mai take ƙarawa kai tsaye.

Yadda ake aunawa

A cika tanki a gidan mai har famfo ya tsaya da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri. Bayan kilomita 300 ko fiye a sake cikawa a famfo ɗaya, a raba litar da ta shiga da nisan, a ninka da 100. Lita 34 a kilomita 400 na nufin 8.5. Kwalbar ƴan ruwa-ruwa ba ta yin wannan aiki, don ba kowace ce cikakkiyar lita ba.

Farashi

Matatar mai ta SORAZ da ke arewa da Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana daga ɗanyen man Agadem. A Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar esans zuwa sefa 499, wato a wannan farashi motar da ke shan 8.5 na cin kusan sefa 4,240 a kowane kilomita 100.