Adabin Holanci Ba Na Holan Ba Ne Kaɗai

Da yawa suna ɗauka duk abin da aka rubuta da Holanci daga Holan ya fito. Ina! A ƙarni na 13 cibiyar wannan adabi tana kudu, a yankunan Flanders da Brabant, waɗanda galibinsu ke cikin Beljiyam a yau. Can aka rubuta labarin dila mai wayo, Reynaert, can kuma Hadewijch ta tsara waƙoƙinta na begen Ubangiji.

Sai da sojojin Sifaniya suka ci Antwerp, babban birnin kasuwanci na kudu, a 1585, masana da attajirai suka yi hijira arewa, sannan Amsterdam ta karɓi ragama. Shi kansa Vondel, gwarzon mawaƙan Amsterdam, iyayensa mutanen Antwerp ne, kuma a birnin Kolon na Jamus aka haife shi a 1587.