Ramukan bayan sabar da yadda ake sarrafa ta daga nesa

Na leƙa bayan sabuwar sabar (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima), na ga ramukan kebul jere. Duk aikinsu ɗaya ne?

A'a. Waɗanda ke jere da lambobi 1, 2, 3, 4 su ne na zirga-zirgar bayanai. Amma duba gefe, za ka ga wani rami shi kaɗai, a sabar kamfanin Dell an rubuta iDRAC a kansa, a ta kamfanin HPE kuma iLO. Wannan ba na Windows ko Linux ba ne. Yana kai ka ga wata 'yar ƙaramar kwamfuta da ke manne a allon sabar, ana ce mata BMC. Muddin filogin wuta na jiki, tana farke, ko da sabar a kashe take.

To me za ta yi mini?

Ka ɗauka sabar tana cibiyar adana bayanai a Legas, kai kuma kana Kano, sai ta daskare da tsakar dare. Ta wannan rami za ka kashe ta ka kunna, ka ga abin da ke kan allonta, ka duba zafin jikinta da lafiyar fankoki, har ka ɗora mata sabon tsarin aiki ba tare da ka taka filin jirgi ba. Sai dai ganin allo daga nesa yakan buƙaci lasisi, iDRAC Enterprise ko iLO Advanced. Ka tambayi mai sayarwa tun kafin ka biya, musamman in ta hannu ce.

Ta ina zan fara saiti?

Da wannan ramin, kafin komai. A Dell danna F2 lokacin da take tashi, a HPE na zamani F9. Ba shi adireshin IP tsayayye, kada ka bar wa DHCP, mai raba adireshi kai tsaye, don ranar da adireshin ya sauya ka rasa hanyar shiga. Sannan kalmar sirri. Tsofaffin Dell da "root" da "calvin" suke zuwa, na kamfanin Supermicro kuwa ADMIN da ADMIN, kuma duk mai kutse ya haddace su. Sababbi galibi suna da tasu a rubuce a jikin wata 'yar takarda da ake zarowa ta gaban na'urar. Ita ma sauya ta.

Zan iya haɗa shi da intanet kai tsaye don sauƙi?

Kul! Nan ne na fi jin tsoro. Tsarin IPMI, wanda ake magana da BMC ta hanyarsa, ya fito tun 1998, kuma siga ta 2.0 ta 2004 tana da ɓaraka: duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar UDP 623 za ta iya miƙa masa kalmar sirri a sigar da aka dagula ta, ya tafi da ita ya warware a natse. Wanda ya shiga BMC kuwa ya mallaki sabar gaba ɗaya, babu abin da rigakafin cikin Windows zai iya yi masa. Ware wa ramin BMC VLAN nasa (keɓaɓɓen sashe na sadarwa) ko suwic (na'urar da ke haɗa kebul-kebul) daban, a riƙa shiga ta VPN (killatacciyar hanyar shiga daga nesa) kawai. In ba ka amfani da IPMI, kashe shi, ka koma Redfish, sabon tsarin magana da BMC da ya fito a 2015.

Sauran ramukan fa?

Haɗa biyu su zama ɗaya ta tsarin haɗa ramuka da ake kira LACP, ka saita hakan a suwic ɗin ma, don in kebul ɗaya ya tsinke ɗayan ya riƙe aiki. Ka liƙa wa kowane kebul suna a bakinsa biyu kafin ka rufe ƙofar rak, wato kabad ɗin da ake jera sabar a ciki.