Vittorio De Sica

Vittorio De Sica (1901–1974) ɗan wasan fim ne ɗan ƙasar Italiya, wanda daga baya ya zama marubucin labarin fim kuma darakta. An haife shi ranar 7 ga Yuli, 1901 a garin Sora, cikin gidan da ba su da wadata, ya kuma rasu ranar 13 ga Nuwamba, 1974 a Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris.

Da wasan dandali ya fara, a ƙungiyar Tatiana Pavlova a 1923. Tauraronsa ya haska a 1932 da wani fim na barkwanci na Mario Camerini, inda ya fito a matsayin kyakkyawan saurayi mai daɗin murya. A 1940 ya soma ba da umarni.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne aikinsa da marubuci Cesare Zavattini bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da talauci da rashin aikin yi suka dabaibaye Italiya. Suka fita da kyamara titi, suka bar fitattun jarumai. A Ladri di biciclette (1948), labarin magidancin da aka sace wa keken da yake neman abinci da shi, ma'aikacin masana'anta ne, Lamberto Maggiorani, ya ja fim ɗin, yaron da ya fito a ɗansa kuwa a titi aka gano shi. Wanda ya fito a tsohon da ke fim ɗin Umberto D. (1952) farfesan ilimin harsuna ne, Carlo Battisti. A nan tsohuwar sana'ar De Sica ta yi masa rana: shi da kansa yake fara kwaikwayon fitowar, har da yanayin fuska, sannan waɗannan mutanen da ba 'yan wasa ba su bi. Gwamnati ba ta ji daɗin yadda finafinan ke nuna talaucin ƙasar ba. Giulio Andreotti, jami'in gwamnati mai kula da harkar fim a lokacin, ya zargi De Sica da zubar da mutuncin Italiya a idon duniya.

Finafinansa huɗu sun samu kyautar Oscar, na ƙarshensu Il giardino dei Finzi-Contini (1970). Jaruma Sophia Loren ma a fim ɗinsa La ciociara (1960) ta ci tata.

Bai taɓa barin fitowa a fim ba, wasu fitowar ma ba su kai darajarsa ba, domin caca ta riƙa cinye masa kuɗi. 'Ya'yansa biyu sun gaje shi a harkar: Manuel mai tsara kiɗan fim, da Christian ɗan wasa.