Manhajar naɗar kiran gaggawa

Manhajar naɗar kiran gaggawa ita ce wadda cibiyoyin amsa kiran neman ɗauki, irin na 911 a Amurka, 999 a Birtaniya da 112 a Tarayyar Turai, ke amfani da ita wajen naɗe maganar da ta bi ta waya da ta rediyon oba-oba, a adana ta, a kuma zaƙulo ta idan buƙata ta taso. A da, tef mai layuka da yawa ake ɗorawa yana juyawa dare da rana, mai neman kira guda sai ya yi ta wana shi gaba da baya. Yau sautin yana cikin rumbun kwamfuta. NICE da Eventide na cikin kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni.

A tsohon layin waya, jona na'urar ake yi a jikin layin, ta soma naɗa da zarar an ɗaga kan waya ko ta ji murya. A layin da ke bi ta intanet kuwa, ko dai a kwafo mata duk abin da ke wucewa ta mahaɗar sadarwa, ko kuma na'urar rarraba kira ta aiko mata da kwafin sautin kai tsaye bisa ƙa'idar SIPREC, wadda aka wallafa a 2016. Lissafin rumbu ba wuya: tsarin G.711, wanda ke mayar da muryar waya zuwa bayanan kwamfuta, na cin kilobit 64 a daƙiƙa, wato megabait 28.8 a awa ga kowane ɓangare na kiran. Layi 20, kowanne da maganar awa 6 a yini, sun kusa cinye gigabait 7 kullum idan an ware muryar mai kira da ta mai amsawa.

Amfanin naɗi yana ga samo shi. Shi ya sa kowane kira ke tafe da lokacinsa, lambar mai kira, wurin da yake, teburin da ya amsa, da lambar aukuwar da manhajar tura jami'ai ta ba shi. Mai amsa kira yana da maɓallin maimaitawa a gabansa: mace ta ambaci sunan titi cikin kuka, layi ya katse, sai ya komo da daƙiƙoƙin ƙarshe ya sake saurara kafin ya tura motar asibiti. Mai bincike kuma yakan jera kiran waya da maganganun oba-oba a kan layin lokaci guda, ya ji wa ya ce me, kuma yaushe.

A nan ne agogo ke yin ɓarna. Idan na na'urar naɗa ya saɓa da na manhajar tura jami'ai ko da minti ɗaya, sai ya zama kamar an tura mota kafin a kira, ko an yi jinkirin da ba a yi ba, kuma lauya ba zai bar wannan ya wuce ba. Maganinsa a ɗaure duk na'urorin cibiyar ga agogo ɗaya ta hanyar NTP, ƙa'idar daidaita agogon na'urori ta hanyar sadarwa. Matsalar da ta fi wannan muni ita ce tsayawar naɗi shiru: an sauya saitin mahaɗa, ko igiya ta saki, ba wanda ya farga sai ranar da kotu ta nemi sautin. Don haka ake kunna ƙararrawar da ke kaɗawa idan layi ya daɗe babu motsi, a ajiye na'ura ta biyu a wani ginin daban, a kuma riƙa sauraron kowane layi a kai a kai. Wata matsalar kuma, idan ma'aunin ƙarfin muryar da ke tada naɗi ya yi sama, yakan yanke maganar mai raɗa, alhali mai raɗa sau da yawa shi ne wanda ke ɓoye wa mahari.

Kafin a miƙa kwafi ga ɗan jarida ko wani mai nema, ana toshe suna, adireshi da bayanin rashin lafiya a cikin kwafin, asalin kuma ba a taɓa shi. Manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya saurara ko ya fitar da sauti, tana kuma buga wa fayil hatimin lissafi irin SHA-256 da zai tona ko an sauya shi. Tsawon ajiya ya danganta da dokar ƙasa ko jiha. Kiran da ke gaban shari'a ana kulle shi, kada gogewar atomatik ta haɗa da shi.