Fasahar bin diddigin ido: yadda kwamfuta ke gane inda mutum yake kallo

Bin diddigin ido fasaha ce da ke auna inda idon mutum ya sauka, da tsawon lokacin da ya tsaya wurin, da kuma inda ya tsallaka daga nan. Galibi ana yin ta ne da ƙaramar kamara da wani haske da ido ba ya gani, a haɗa su da kwamfuta, wadda a nan Yamai muka fi cewa ordinatar. A fannin hulɗar mutum da na'ura ana amfani da ita ta hanya biyu. Ta farko a sa ido ya zama shaida, wato a ba mutum salula ko kwamfuta a duba mi ya kalla mi ya tsallake, don a gyara tsarin abin. Ta biyu kuwa idon ne da kansa zai ba na'ura umarni maimakon hannu.

Yadda ido yake tafiya

Kowa na jin kamar idonsa sulalewa yake bisa layin rubutu sannu a hankali, to amma ba haka abin yake ba, tsalle-tsalle yake. Yakan tsaya wuri guda kamar kashi ɗaya cikin huɗu na sakan, sai ya yi wuf ya faɗa wani wurin, sau uku ko huɗu cikin kowane sakan ɗaya tun daga asuba har mutum ya kwanta. A lokacin tsallen kusan ba a ganin komi, ƙwaƙwalwa ce ke toshe giɓin shi ya sa ba mu lura. Dalilin wannan tsalle kuwa shi ne wurin da ke gani tar a bayan ido ɗan mitsitsi ne ƙwarai, in ka miƙe hannunka ka dubi farcen babban yatsanka to kusan iyakar faɗin abin da kake gani sarai kenan, saura duk dishi-dishi ne. Dole ido ya yi ta yawo da wannan ɗan wuri yana kai shi kan abin da ake son gani, kuma a kan haka fasahar gaba ɗaya ta ginu: in an san inda ɗan wurin ya sauka an san abin da mutum ya gani da kyau.

Tarihi

Wani likitan ido a Paris, Louis Émile Javal, shi ake jinginawa gano tsallen ido wajen karatu, wajajen 1879, tun ba a san za a yi kwamfuta ba. Bayansa Edmund Huey a Amurka ya ƙera wani abu kamar ɗan murfi da ake ɗorawa bisa ƙwayar ido da tsinken alminiyom a jikinsa yana zana motsin, sai an kashe zafin idon da magani kafin mutum ya iya jurewa. A 1901 Dodge da Cline suka fara ɗaukar hoton hasken da ke ƙyalli a kan ido ba tare da an taɓa shi ba, a 1935 kuma Guy Buswell a Chicago ya yi nazarin yadda mutane ke kallon hotuna. Aikin da ya fi kusa da batunmu shi ne na Paul Fitts da abokan aikinsa wajajen 1950, da suka kafa kamara gaban matuƙan jirgin sama suna ƙirga sau nawa suke duban kowane agogon awo da ke gabansu lokacin sauka, don a san wanda ya kamata a sa tsakiya da wanda za a ture gefe. Abin da ake wa shafukan intanet yanzu kenan, agogunan ne kawai suka canza.

Amma ni a ganina wanda ya fi cancanta a tsaya kansa shi ne Alfred Yarbus, masanin Rasha da ya yi aiki a Mosko, littafinsa ya fito da Ingilishi a 1967. Ya ɗauki zane guda na wani mutum da ya shigo ɗaki iyalinsa ba su tsammaci zuwansa ba, ya ba mai kallo, amma kowane karo da tambaya daban: faɗi shekarun mutanen, kimanta arzikin gidan, tuna tufafin da suka sa, shekara nawa baƙon ya yi ba ya gida. Zane ɗaya, ido ɗaya, amma sawun idon ya sha bamban a kowace tambaya. In shekaru ake nema sai fuskoki, in arziki ne sai kujeru da kayan ɗaki. Ashe ba abin da ke gabanka kaɗai ke jan idonka ba, har da abin da ke ranka. Duk wanda ya taɓa shiga babbar kasuwa neman abu guda ya fito bai ga sauran rumfunan ba ya san wannan.

A 1980 Marcel Just da Patricia Carpenter suka kawo ra'ayin cewa inda ido ya tsaya nan tunani yake. Ra'ayin ya yi amfani sosai, sai dai ba kullum yake gaskiya ba, dalibi kan zuba wa allo ido hankalinsa na gida, mutum kuma kan lura da abu ta gefen ido bai juya ba.

Yadda na'urar ke aiki

Yawancin na'urorin yanzu suna haska ido da hasken infared, irin wanda telekomand ɗin talabijin ke aikawa. Hasken yana barin ɗan ɗigon ƙyalli a saman ido, kamara kuma tana ganin ɗigon da baƙin tsakiyar ido a tare. In ido ya juya baƙin yana matsawa amma ɗigon kusan yana nan inda yake, to tazarar da ke tsakaninsu ita ake lissafawa a gane inda ake kallo. Kafin a fara sai an yi reglaj, mutum ya bi wasu ɗigogi biyar ko tara da ido a kan ekaran, saboda idon kowa da irin ginuwarsa. Mai kyau cikinsu kuskurenta bai wuce rabin digiri zuwa digiri ɗaya ba, wato kamar faɗin yatsa a ekaran ɗin da ke gabanka. Ƙanana suna ɗaukar hoto 30 zuwa 60 a sakan, na ɗakin bincike har 1000 ko fiye. Akwai wadda ake maƙalawa ƙasan ekaran, akwai ta tabarau da ake yawo da ita, akwai kuma wadda ke aiki da kamarar kwamfuta kawai, kamar WebGazer da aka yi a jami'ar Brown a 2016, ita ba ta kai sauran daidaito ba amma kyauta ce.

Abubuwan da ke rikita ta sanannu ne: tabarau mai ƙyalli, fatar ido da ta sauko, kwalliya mai kauri a gashin ido don na'urar kan ɗauki baƙin kwalliyar a matsayin baƙin ido, sai kuma rana. Hasken rana cike yake da infared, saboda haka wanda zai yi wannan aiki a Tawa cikin watan Afrilu sai ya nemi ɗaki mai labule.

Gwajin shafuka da manhajoji

Nan ne kasuwar fasahar ta fi ci. Ana zaunar da mutane a ba su aiki, misali nemo farashin kaya ko cike takarda, daga baya a fitar da taswira mai launi, ja inda aka fi kallo, shuɗi inda aka ɗan leƙa, inda ba a duba ba kuma ba launi. A 2006 kamfanin Nielsen Norman Group ya gwada mutum 232 ya ga cewa da yawa ba sa karanta shafin intanet layi-layi, suna bin layin farko, su ɗan bi wani a ƙasa, sai su gangara ta gefen hagu, sawun ya fito kamar harafin F. An kuma tabbatar mutane sun koyi kauce wa duk abin da ya yi kama da talla, ko da sanarwa ce mai muhimmanci aka yi mata ado da yawa.

Sai dai wannan F ɗin na masu karatu daga hagu ne. Da aka gwada masu karatun Larabci sai ya juya ya koma ɗaya gefen. Haka ma binciken McConkie da Rayner na shekarun 1970 ya nuna mai karanta Ingilishi yana tsinkayar haruffa 14 zuwa 15 a damansa amma 3 ko 4 kacal a hagu, wani bincike daga baya kuma ya nuna masu karanta Ibrananci, wanda shi ma daga dama ake karanta shi, nasu faɗin hagu ya karkata. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don a ƙasar nan mutum ɗaya kan tashi da allo da ajami daga dama, ya je lakkwal ya koyi Faransanci daga hagu, ga kuma ɗimbin jama'a da ba su yi ko ɗaya ba amma kullum suna tura kuɗi da salula, sun haddace wurin dannawa ko su miƙa wa yaron shago ya danna musu har da lambar sirri. Da ɗaliban informatik na jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani a Tawa za su zaunar da irin waɗannan iyayen namu su ga inda idonsu ke ɓacewa cikin menu, da an samu abin gyara mai yawa, kuma aiki ne da kamarar kwamfuta ma za ta iya fara shi.

Ido a matsayin hannu

Tun 1981 Richard Bolt a jami'ar MIT ta Amurka ya gwada ekaran da ke amsa kallo. A 1990 Robert Jacob ya bayyana babbar matsalar, ya sa mata sunan sarki Midas na tatsuniyar Girka wanda duk abin da ya taɓa sai ya zama zinariya har abincinsa. Ido an yi shi ne don dubawa, to in duk abin da ka kalla zai buɗe ai ba ka da damar ka duba kawai. Maganin da aka fi yi shi ne a ce sai ka tsayar da ido rabin sakan zuwa sakan ɗaya kafin ya danna, amma hakan na gajiyarwa kuma yana rage sauri, rubutu da ido ta wannan hanya yakan tsaya wajen kalma 5 zuwa 10 a minti. Wata dabarar ita ce ido ya nuna hannu ya tabbatar, kamar tabarau na Apple Vision Pro da ya fito a Fabrairun 2024, ka kalli abu ka haɗa yatsu biyu.

Ga mai lafiyar hannu wannan ƙari ne kawai. Ga wanda jikinsa ya mutu hankalinsa na nan garau kuwa, wallahi rayuwa ce sabuwa. Cutar nan da likitoci ke kira cutar Charcot tana kashe jijiyoyin motsi ɗaya bayan ɗaya har magana ta ɗauke, amma sau da yawa ido shi ke saura. Da na'urar, mutum zai kalli haruffa ya haɗa kalma, kwamfuta ta furta, ya ce ƙishirwa nake ji, ko a juya ni, ko ya yi wa ƴaƴansa nasiha. Kamfanin Tobii da aka kafa a Suwidin a 2001 ya yi suna a wannan fanni. Tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka Steve Gleason, da cutar ta kama, shi ya ƙalubalanci ma'aikatan Microsoft a 2014 su yi masa keken guragu da zai tuƙa da ido, daga nan aka kai ga sa sarrafawa da ido cikin Windows 10 a 2017. Akwai manhaja kyauta mai suna OptiKey, kuma daga 2024 iPhone da iPad na baya-bayan nan suna yi da kamarar gaba ba sai an sayi komi ba. Mutane da yawa na zaton marigayi Stephen Hawking, masanin kimiyyar Ingila da ya yi fama da wannan cuta, da ido yake magana, a'a, shi motsin kumatunsa na'urar ke karantawa. Gida nawa ne a garuruwanmu ke da mai shanyewar jiki kwance, ana ta tambayarsa yana ƙifta ido ana cinta? Abin da zai tsaya mana shi ne tsadar na'urar, da kuran da ke ɗaukewa, da samun murya da allon haruffa na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ da ƴ.

Mota, wasa, asibiti

A motoci kamara na duban direba ta ga ko idonsa na lumshewa ko ya bar hanya ya koma kan salula, sai ta yi ƙara. Kamfanonin Smart Eye na Suwidin da Seeing Machines na Ostareliya su ne sanannu a nan, Tarayyar Turai kuma ta wajabta na'urar gargaɗin gyangyaɗi a duk sabuwar mota daga Yulin 2024. Wanda ya taɓa bin hanyar Yamai zuwa Tawa da dare, ta Doso da Dogonduci da Ƙonni, ya san amfanin wannan ba sai an yi masa bayani ba. A tabarau na wasa irin PlayStation VR2 na 2023 ana zana inda ido yake da kyau sosai a rage ingancin gefe, mai wasa ba ya lura, injin kuma ya huta. A tiyatar gyaran gani da leza ma na'urar ce ke bin ido don hasken kada ya kauce.

Sirri da fassara

Ido na tona abin da baki bai faɗa ba. Tun 1966 Daniel Kahneman da Jackson Beatty suka nuna baƙin ido na buɗewa in tunani ya yi nauyi, sawun kallo kuma kan nuna gajiya, da sha'awa, da alamun wasu cututtuka. Manyan kamfanoni sun san darajar wannan, shi ya sa suka yi ta sayen kamfanonin bin diddigin ido: a 2016 Google ya sayi Eyefluence, Facebook ta hannun Oculus ya sayi The Eye Tribe, a 2017 Apple ya sayi SMI na Jamus. A 2024 wasu masu bincike sun nuna ana iya cintar kalmar sirrin da mai Vision Pro ke rubutawa daga motsin idon hoton da ke wakiltarsa a kiran bidiyo, kamfanin ya toshe ƙofar daga baya. A Nijar an kafa dokar kare bayanan mutum a 2017, aka maye ta da sabuwa a 2022, akwai kuma hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma bayanan ido ya kamata a riƙe su kamar zanen yatsa, kada a ɗauka sai da yardar mai su.

Ɗayar damuwar ita ce fassara. Na'ura na faɗin inda aka kalla, ba ta faɗin dalili, doguwar tsayuwa kan iya zama sha'awa ko ruɗewa, shi ya sa masu bincike na ƙwarai sukan nuna wa mutum bidiyon idonsa daga baya su tambaye shi mi yake nema a nan. Kuma kallo na da al'ada. A wajenmu yaro mai tarbiyya ba ya haɗa ido da babba, amarya ba ta ɗaga kai gaban surukai, sunkuyar da kai ladabi ne. In aka kawo manhajar da ke auna natsuwar dalibi ko gaskiyar mai neman aiki da yawan kallon ekaran, wadda aka horar da idanun mutanen wata nahiya, yaron da ya fi kowa kunya shi za ta rubuta wa rashin kula.